Soket ɗin da Evelio Ya Cire

Evelio mutum ne mai taurin kai tun yana da lafiya, ciwo kuma bai rage masa ko kaɗan ba. Shanyewar ɓarin jiki ta ƙwace masa baki, ta ƙwace ƙafafu da hannun dama, ta bar masa idanu da yatsa ɗaya a hannun hagu. Da wannan yatsan ya ci gaba da yi mana mulki, ni da ƙanwarsa Caridad, kamar yadda ya saba a ofishin kwamfuta na masana'antar sukari lokacin da yake shugabana.

A can muka ƙarar da ƙuruciyarmu, cikin ƙamshin rake da zafin injuna. Shi ya koya mini aiki. Sunana Odalys, amma ba na jin ya taɓa faɗarsa. Siririya yake ce mini, sunan kuma ya bi ni har yau da sai na karkace kafin in wuce tsakanin kujerun coci. Da aka rufe masana'antar aka kwashe ƙarafunanta, kowa ya kama gabansa. Ni na koma gyaran wayoyi a barandar gidana, shi kuma ya koma jinyar matarsa Mirta, wadda cuta ta fara cinye mata murya kafin ta cinye sauran.

Don Mirta ya haɗa wata na'urar magana. Tsohuwar kwamfuta ce da ya tsira da ita daga ofis, ya jona mata maɓallin ƙararrawar ƙofa. Haruffa da kalmomi suna jere a allo, wani ɗan haske yana bin su ɗaya bayan ɗaya, in ya zo kan wadda kake so sai ka danna. A hankali ake tara jimla, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Bayan rasuwar Mirta ya lulluɓe na'urar da zanin gado ya ajiye a kusurwa. Ranar da aka dawo da shi daga asibiti, idonsa bai bar kusurwar nan ba sai da Caridad ta gane, ta yaye zanin ta jawo masa ita.

Abin da ya fara rubuta mata ƙorafi ne kan kofin da ta dafa masa, "Kofin nan ruwa ne."

Caridad ta ce, "To sannu da ƙoƙari. Ashe bakin ne kaɗai ya mutu, halin yana nan."

'Yarsa ɗaya ce, Dayamí, tana ƙasar waje, a birnin Montevideo. Ni na riƙe ta a coci ranar baftisma, shi ya sa take ce mini Madrina, wato uwar baftisma. Ta tafi ba da daɗewa ba bayan an binne uwarta, Evelio kuwa ko tashar mota bai raka ta ba. Tun daga nan in ta bugo waya sai ya fita tsakar gida ya ce zai duba kaji. Ta aiko da magani, ya sha bai ce an gode ba. Haka shekaru suka shuɗe, kowa ya gaji da yi masa magana.

Wata rana da la'asar na kai masa mangwaro. Ina yankawa na ji maɓallin yana ƙas, ƙas, da na ɗaga kai na ga ya rubuta, "Siririya. Ina so in yi magana da Dayamí."

Na ajiye wuƙar. Na zaro wayata na ce, "Rubuta, tsoho, yanzu in karanta mata."

"A'a."

"To in kira ta ta bidiyo, in jingina wayar, mu fita mu ba ku wuri."

"Kada ta gan ni haka."

"Allon kawai zan nuna mata."

Mun gwada wannan washegari ba tare da ya rubuta komai mai muhimmanci ba. Layinmu dai kun san shi, hoton ya tarwatse, Dayamí ta ce ba ta ganin komai sai haske yana rawa. Na ce masa to ya rubuta ya ajiye, in kwafa in aika mata ban duba ba.

Ya daɗe yana tara amsar. "Na san ki. Za ki karanta."

Gaskiya ya faɗa, zan karanta. Caridad ta tuntsire da dariya daga kicin.

Ya ƙara da cewa, "Ba ta bakinki ba. Ba ta bakin Caridad ba. Daga nan zuwa wurinta, ta amsa mini."

Manhajar da yake magana da ita ya rubuta ta ne da wani ɗan tsohon harshen kwamfuta da muke aiki da shi a masana'anta, saboda ba ya wahalar da raunanan na'urori. Shi harshen kansa gina shi ake yi a kan na'ura daga rubutunsa na asali, kafin ginin kuma sai an yi saiti, a faɗa masa sassan da za a sa da waɗanda za a bari. Cikin sassan akwai soket, wato ƙofar da manhaja take bi ta yi magana da wata na'ura ta waya. Mu ba mu taɓa sa shi ba. A masana'anta babu wayar da ta fita ko'ina, ƙwaƙwalwar na'urorin kuma ba ta da yawa. In sabon ma'aikaci ya tambaya, Evelio yakan ce, "Da wa za ka yi magana? Da rake?"

Na ce masa wannan aikin yini ɗaya ne, layi guda zan canja in sake gini. Na buga wa Dayamí na gaya mata. Na ji tana jan hanci. Ita ma aikinmu take yi, ubanta ne ya koya mata tun tana hawa kujera da filo. Ta ce kafin gari ya waye za ta shirya na'ura a wajenta, ta bar ta a buɗe tana jira.

Da safe na zauna gefen gadonsa, na canja layin, na tayar da saitin. Ya fara duba kayan gini ɗaya bayan ɗaya yana ba kansa amsa. Akwai wannan? E. Akwai wancan? E. Da ya zo kan soket sai ya ce babu. Na sake, ya sake cewa babu. Na leƙa inda fayilolin soket suke zama, na tarar da wuri wayam.

Sai a lokacin na tuna. A zamanin da muke yawo da harshen nan a ƙananan faifai, bai shiga ba, Evelio ya zauna ya yi masa aski, duk abin da ba ma amfani da shi ya goge. Har yabonsa muka yi, wai ya rage mana faifai guda.

Na ce, "Tsoho, ina ka kai fayilolin soket?"

Ya rubuta, "Nauyi."

"Nauyi? Abin da bai kai gashin kaza ba? Ba ka ajiye cikakken a wani wuri ba?"

Hasken ya zagaya allo bai danna komai ba. Evelio ya mayar da idonsa kan fanka.

Ban damu sosai ba a ranar. Mu nan ba kasafai muke sauke abu daga intanet ba, a hannun juna muke kwafa, kuma ba wanda yake yar da tsohon faifai. Na sa filash a jaka na hau keken doki zuwa gidan Anselmo, wanda ya yi aiki a ofishin jirgin ƙasa. Na same shi yana wasan domino a ƙofar gida.

Ya ce, "Harshen nan? Ina da shi mana, mai tsabta, ba irin tarkacenku na 'yan sukari ba."

Ya shiga ya fito da faifai naɗe cikin safa. Muka buɗe. Wurin soket wayam.

Na ce, "Wa ya ba ka wannan?"

"Wani malami a makarantar fasaha."

Na je wurin malamin. Ya tsufa, ba ya ji sosai, amma ya san inda kwafinsa yake. Shi ma babu. Ya ce ai wata mata ce ta ba shi a wani taro a birnin Holguín. Na hau babbar mota a tsaye, rana tana dukan mu, na je Holguín na nemo matar. Ta ba ni kofi, ta ba ni labarin jikokinta, sannan ta kawo nata. Tun kafin ya gama buɗewa na gane jerin fayilolin.

Na ce, "Don Allah ke kuma daga ina kika samo?"

Ta ce, "Daga wurin Evelio mana, na masana'antar sukari. Kowa nasa yake nema, ya fi sauƙin ɗauka. Yana nan da rai?"

A motar dawowa na yi kuka, kukan haushi. Lardi guda, hannu zuwa hannu, shekara da shekaru, duk askin mutum ɗaya muke ta kwafa, kuma ba wanda ya taɓa lura domin ba wanda ya taɓa samun wanda zai yi magana da shi.

Sabon harshen yana intanet, na sani, na ma sauke shi a dandalin gari inda ake samun layi. Amma ya raina tsohuwar na'urar, ya ƙi ginuwa a kanta, manhajar Evelio kuma ba ta jin yarensa. Sake rubuta ta gaba ɗaya aikin watanni ne. Dayamí ce ta shiga nema daga can, har ta tono cikakken tsohon a ma'ajiyar wata jami'a. Gunduwa-gunduwa ta riƙa aiko shi, don in ta aiko a dunƙule layi yakan yanke a tsakiya.

Duk wannan ya ci kwanaki, kwanakin kuma ba namu ba ne. Caridad ce ta fara lura. Ta ja ni kicin tana ɓare rogo, ta rage murya.

"Odalys, yana kuskure kalma. Hasken yakan wuce bai danna ba, sai ya jira ya sake zagayowa. Jiya ruwa yake so, sai da na gama wanke-wanke bai gama rubutawa ba."

Na ce, "Zan rage wa hasken gudu."

Ta ce, "Rage masa. Amma ke ki ƙara naki."

Na rage gudun hasken. Bayan kwana biyu na sake ragewa. Tsoro ya kama ni sosai, na koma masa da maganar farko. Na ce ya rubuta abin da zai rubuta yanzu da yatsan yake da ƙarfi, a ajiye, na rantse masa da kabarin mahaifiyata ba zan duba ba. Ya ce a'a. Na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba ko a ofis. Na ce masa taurin kansa ne ya kori yarinyar, taurin kansa ne ya goge soket, yanzu kuma shi zai hana shi faɗa mata abin da ke ransa. Caridad ta leƙo ta ce in ji tsoron Allah, mara lafiya ne.

Ya bari na gama, sannan ya rubuta kalma ɗaya. "Gina."

Ginin shi ne ya fi komai ciwo. Na'urar ɗaya ce, in tana gini ba ta iya riƙe manhajarsa. Duk lokacin da na tayar da aikin, na ƙwace masa baki ke nan har a gama, tsohuwar na'urar kuma takan kwashe rabin yini tana nishi. Yana kwance yana kallon rubutu yana gudu a allo, ba halin ya ce yana jin ƙishi ko bayansa yana ciwo. Na ce zan ɗauke faifan in gina a wata na'ura, amma ba wanda ya rage da irinta a garin, abin da aka gina a sabuwa kuma ba ya tashi a kanta.

A karon farko an ci rabi aka ɗauke wuta. A karo na biyu saitin ya nemi wasu fayiloli na na'urar kanta, su ma Evelio ya aske su, sai da Dayamí ta sake nema. A na uku an kusa gamawa, har na fara yi wa Caridad murmushi, aka sake ɗauke wuta, fanka ta tsaya, allon ya yi baƙi. Na zauna a ƙasa na jingina da gadon. Yini uku ke nan na cinye masa a banza, a cikin ɗan abin da ya rage.

Anselmo ne ya cece mu. Ya ji labari a wurin domino, ya ciro batirin kekensa mai inji ya turo shi a baro, da na'urar da ke juya wutarsa ta zama ta gida. Ya tsaya a bakin ƙofa yana goge gumi da hula.

Ya ce, "Evelio, ka cuce mu, ka ba lardi guda harshe mai guntun baki. In ka tashi za mu yi shari'a."

Gefen bakin Evelio mai motsi ya ɗan ɗaga. Rabona da ganin haka tun kafin asibiti.

Washegari da sassafe na tayar da saitin a kan batir. Ya bi jerinsa, e, e, e. Da ya zo kan soket ya ɗan tsaya, sannan ya ce e. Na juya allon don Evelio ya gani da idonsa. Ginin ya tafi har azahar ba abin da ya tsayar da shi, ko da aka ɗauke wuta ba mu sani ba sai da fanka ta yi shiru. Na ƙara wa manhajarsa 'yan layuka, na jona na'urar da wayata, na aika wa Dayamí kalmar gwaji daga teburin, ta dawo mini da ita nan take. Na goge gwajin na mayar wa Evelio da allonsa.

Caridad ta yi masa aski, ta sa masa farar rigarsa mai aljihu huɗu, ta fesa masa turare a wuya. Na ce mata ai yarinyar ba ganinsa za ta yi ba.

Ta ce, "Shi ya san yana sanye da ita."

Muka ɗaga shi da filo, na gyara masa maɓallin a ƙarƙashin yatsa. A saman allo rubutu ya fito, "Baba, ni ce." Wannan kaɗai na gani. Na kama hannun Caridad muka fita, muka ja labule, muka zauna a kicin kamar yadda aka yi alkawari.

Daga kicin ana jin maɓallin in an danna shi. Muka kasa kunne. Kaji suna ta tono a tsakar gida, wani mai sayar da burodi ya wuce yana busa usur. Caridad ta ɗora kofi, ya tafasa ya zube ba ta lura ba. Ba mu ji ƙas ko ɗaya ba.

Wayar Caridad ta yi ƙara. Dayamí ce.

"Gwaggo, ba ni Madrina." Na karɓa. "Madrina, ba abin da yake zuwa. Nawa yana tafiya, ina gani, amma nasa ba ya isowa. Ki duba soket ɗin, ƙila wani abu ya sake lalacewa."

Na ce ta jira. Na ɗaga labule na shiga, na kau da kaina daga allon. Yatsansa yana kan maɓallin, yana rawa, farcen ya yi fari don ƙoƙari, amma maɓallin bai nutse ba. Hasken yana ta zagaya haruffa a hankali. Hawaye ya gangaro masa ta gefe ya shiga kunne.

Na durƙusa na ce, "Evelio." Ban taɓa kiransa haka ba ni ma. "Bari in ɗora yatsana a kan naka. Ka ƙifta mini ido in ya zo kan harafin, ni in danna. Ba zan haɗa kalmomin a kaina ba."

Ƙarya ce, shi ma ya sani. Ya rufe idanunsa. Na ɗora hannuna a kan nasa duk da haka, na jira, na roƙe shi. Bai buɗe ba sai da na janye hannuna. Da ya buɗe, kan allon ya mayar da su.

Na koma kicin na ɗauki wayar. Na so in ce mata laifin ginina ne, ta ba ni zuwa gobe. Amma na san gobe ba za ta fi yau ba.

Na ce, "Ba abin da ya lalace, 'yata. Yatsan ne ya ƙi."

Ta ce, "To yaya za a yi?"

Na ce, "Idonsa ƙalau yake. Ki rubuta, yana karantawa."

Ta rubuta har batirin Anselmo ya ƙare da la'asar. Da muka shiga allon ya mutu, Evelio yana kallonsa har yanzu. Ni da Caridad ba mu san abin da ta gaya masa ba, ba mu kuma tambaya ba. Washegari ta sake rubutawa, da jibi ma, duk lokacin da aka sami wuta. Yatsan bai sake motsi ba. Kafin ƙarshen makon zazzaɓi ya shiga ƙirjinsa, ya daina buɗe ido, ranar Lahadi da hantsi ya cika.

Dayamí ba ta samu zuwa jana'iza ba, takardunta ba su ba ta damar fita ba. Ta bugo mini bayan mun dawo daga maƙabarta, ina zaune a baranda ban ko cire takalmi ba. Ta tambayi wanda ya zo da wanda bai zo ba, ta tambayi ko Gwaggo ta ci abinci. Sannan ta zo kan abin da ya sa ta kira.

"Madrina, kin fi kowa saninsa. Me yake so ya gaya mini?"

Na ce, "Ban sani ba."

"Ko zato? Bai taɓa fara rubutawa kin hango ba, ko kalma ɗaya? Faɗa zai yi mini, ko me?"

Na yi ta lalube a raina, na duba duk shekarun da na zauna kusa da mutumin nan, ban sami abin da zan ba ta ba.

Na ce, "Ban sani ba, 'yata. Ban hango komai ba."